Layi na Huɗu a Takardar Aurenmu

Masu tambayata ko mun je ofishin, mun je. Ranar Talata. Ga yadda aka yi, kuma ina roƙo kada wadda ta turo mini hoton fure kafin ta karanta har ƙarshe.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Maeng Haeju, shekarata talatin da biyu. An yi bikina da Tak Jinuk tun watan huɗu, mutum ɗari uku suka ci taliya suka watse, amma har safiyar Talatar nan a wurin hukuma ni ba matar kowa ba ce. Ba mu kai takarda ba. Rabin ƙawayena haka suka yi, a zauna shekara guda tukuna a ga kamun ludayin juna. Ni ma niyyata ke nan. Sai ga ciki, yanzu wata uku. Tun ranar da likita ya faɗa, wayata ba ta sake hutawa ba.

Ƙarfe bakwai saura, saƙon surukata ya fara shigowa.

"Yarinya, kin tashi?"

"Mai duba ya ce kafin sha biyu. In ta wuce, ranar ta lalace."

"Kada ki sa baƙin kaya."

"Na kama mana tebur a gidan miyar kaza da ke bayan ofishin. Zan biyo in ɗauke ku hoto."

Na amsa duka huɗun da "To, Mama." Na fito falo na tarar da Jinuk yana guga.

Jinuk likitan dabbobi ne. Zai cusa hannu har kafaɗa cikin saniya ya juya ɗan maraƙi ko gezau, amma in aka kawo masa abincin da bai ce ba a gidan abinci, cinyewa yake ya yi godiya. Tun da muka tare ban taɓa ganin dutsen guga a hannunsa ba. Ga shi ya goge fararen riguna biyu, tawa da tasa, ya koma kan tawa karo na biyu.

"Yaya, za ka ƙona ta."

"Wuyan ne bai kwanta ba."

"Ya kwanta. Kai ne dai ba ka kwanta ba."

Bai yi dariya ba. Na sa rigar da wandon nan ruwan toka mai roba a ƙugu, don sauran sun daina rufuwa. Shinkafa cokali uku na iya ci, da ruwan sha'ir mai sanyi. Firijin kimchi, kabejin nan mai tsami da tafarnuwa, kuwa sati uku ke nan mun liƙe bakinsa da salatif. 'Yar manomin tafarnuwa a Uiseong, ga shi warin tafarnuwa amai yake sa ni. Baba ya ce jikan nan tun bai fito ba ya raina sana'ar gidan.

A bakin ƙofa na ga ya ɗauki ambulan ya cusa a aljihun cikin kwat.

"Ba ni in duba."

"An cika komai."

"Shi ya sa zan duba."

"Za mu makara, Haeju."

Ƙarfe goma ko cika ba ta yi ba, ofishin kuma tafiyar minti goma ce. Na ƙyale shi. Laifina na farko ke nan a ranar.

Takardar ta yi yawo kafin ta dawo gidanmu. Ana son shaidu biyu, ana kuma son asalin gidan kowa da haruffan Sin, waɗanda daga ni har shi babu mai iya rubuta su. Ran Laraba ya kai wa mahaifiyarsa, daga can ya wuce ƙauyenmu wurin Baba, don su biyun ne shaidunmu. Ni ban bi shi ba, don ko ƙofar gidan Baba na tsaya sai na durƙusa a bakin kwata ina amai. Na ce masa abu ɗaya kawai: layi na huɗu a bar shi babu komai, mu za mu cika a gaban ma'aikaciya.

Ku da kuka taɓa riƙe takardar kun san layin. Tambaya ɗaya ce da ƙananan akwatuna biyu: kun yi yarjejeniya 'ya'yanku su ɗauki sunan gidan uwa? Eh ko a'a. Kowa a'a yake sawa ba tare da ya karanta ba. Amma a ranar kaɗai ake tambaya. In ta wuce ka, sai kotu.

Kuma ba ni na kawo maganar ba, ku riƙe wannan. Bara, sati biyu kafin bikin girbi na Chuseok, muka hau tudun bayan gidanmu yankan ciyawar kaburbura. Aikin 'ya'ya maza ne. Baba ba shi da ɗa namiji, daga ni sai ƙanwata da ke aure a Busan, bayansa kuma ya daina ɗaukar injin yankan. Tun da na dawo daga Jamus ni nake goya shi. Na gama na Kakanmu da matarsa, na gama na sama, Baba yana can ƙasa a bakin iyaka yana yi wa na Gwaggonsa da lauje, don shi wannan kabarin bai taɓa yarda inji ya hau shi ba. Jinuk, lokacin yana nemana, yana bina da manjagara yana tara ciyawa. Sai ya tsaya ya ce, "Bayanki wa zai hau tudun nan?"

Na ce, "Ciyawa."

Ya ce, "'Ya'yanmu su ɗauki sunanki. Mu Tak muna da yawa, yayana kaɗai maza biyu gare shi."

Na kashe injin na ce ya maimaita. Ya maimaita. A kan wannan maganar na aure shi, ba a kan zobe ba.

Muka isa ofishin gunduma, muka ciri lamba. Ashirin da uku. Kamar kullum, tsofaffi ne cike da kujeru, masu neman takardar gona, masu neman shaidar hatimi, masu neman sanyin ɗakin kawai. Sha ɗaya da 'yan mintuna aka kira mu. Ma'aikaciyar ta kai hamsin, gashi a ɗaure, hannun riga a naɗe. Jinuk ya zaro takardar ya miƙa mata kai tsaye, ta saman hannuna.

"Ango Tak Jinuk. Amarya Maeng Haeju. Katin shaida." Muka ajiye. Ta dubi fuskokinmu, ta dubi katunan. "Kafin in karɓa, ina gaya wa kowa: in na buga hatimi an gama. Ba a dawowa da yamma a ce a fasa. An sha zuwa mini nan ana kuka."

"Mun sani," in ji Jinuk. Da sauri ya faɗa.

Ta bi takardar da yatsa. "Asalin gida, akwai. Shaidu biyu, akwai. Layi na huɗu, a'a. To shi ke..."

"Dakata, Malama."

Na jawo takardar. Ga shi nan a akwatin a'a. Ba 'yar alama ba ce irin ta mai sauri. An danna biro, an sake bi, har takardar ta kusa hujewa.

Na dubi Jinuk. Yana kallon kwalbar biron da ke kan kantar ma'aikaciyar kamar yau ya fara ganin biro.

"Ku ɗan koma gefe ku yi magana," in ji ma'aikaciyar, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Lambarku na nan. Ashirin da huɗu!"

Muka koma teburin rubutu, wanda aka ɗaure wa tabarau uku da zare saboda tsofaffi. Na fito da waya na buɗe sunan surukata na fara rubutu. "Mama, da izinin wa kika..."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan wayar.

"Ba ita ba ce."

"Cire hannunka."

"Ita ko layin ba ta duba ba. Ta rubuta asalin gidanmu, ta buga hatiminta, ta cika mini mota da tuffa. Har yanzu ba ta san da maganar ba."

"Ba ta sani ba? Ka ce mini ka gaya mata tun watan biyar."

Ya janye hannunsa daga kan wayar.

"To wa ya cika? Kai?"

"Baba ne."

"Babanka shekara tara da rasuwa."

"Naki."

Na san wasunku sun taɓa taka matakalar da babu ita a cikin duhu. Haka na ji.

Ya yi ƙasa da murya, don tsohon da ke kusa da mu ya riga ya daina cika tasa takardar. "Ya ga layin babu komai, ya tambaye ni dalili, na gaya masa. Sai ya ja ni rumfar tafarnuwa ya zaunar da ni. Da hannu biyu ya zuba mini giya, Haeju. Mutum mai shekara sittin da takwas, surukina, da hannu biyu kamar ni ne babba. Ya cika layin da kansa. Ya ce kada in gaya miki sai an buga hatimi."

"Kai kuma ka ce to."

"Na ce to."

"Kwana shida kana kwana kusa da ni da wannan a aljihu. Da ma'aikaciyar ba ta karanta da ƙarfi ba fa?"

Na bar shi a tsaye a nan.

Na fita waje. A bakin matakala, tsakanin kekunan lantarkin tsofaffi, na kira Baba. Sai da ta yi ƙara takwas. Ina jin ƙarar ɓarar tafarnuwar iri a bayan muryarsa, bai ko dakata ba.

"Kun gama?"

"Ba mu gama ba. Baba, wa ya ce ka taɓa layi na huɗu?"

Ƙarar ta tsaya.

"Surukin nan nawa bakinsa ba ya riƙe ruwa."

"Kwana shida ya riƙe. Ka yaba masa."

"Ki bar shi yadda na sa."

"Sunanka ne fa nake so kada ya ƙare a kaina."

"Wa ya roƙe ki?"

Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa roƙona ba. Bai taɓa cewa ina ma da namiji ya haifa ba, ko da maƙwabta suna faɗa a gabansa.

"Ba ka roƙe ni ba. Amma ba ka da ikon cikawa a ɓoye. Aurena ne."

"Jikana ne."

"To gaya mini dalili. Dalili na gaske, ba abin da mutane za su ce ba."

Na ji ya ja kujerar robar nan tasa, na ji ta yi ƙara da ya zauna.

"Kabarin da nake yi wa lauje. Na wa ne?"

"Na Gwaggo."

"Haka aka koya miki. Ni ma haka aka koya mini." Ya yi tari. "Ita ta haife ni. Mutumin ya zo aikin gada ne, kafin damina ya tafi, ko sunansa na gaskiya ba a tabbatar ba. Yayanta ya sa ni a rajistar gidansa a matsayin ɗansa. Wanda kike rusuna wa kina cewa Kaka, kawuna ne. Shekara arba'in da ɗaya ina kiran uwata Gwaggo, gida ɗaya, tukunya ɗaya, kuma duk ƙauyen sun sani. A makaranta in malami ya kira Maeng, sai 'yan baya su ce Maeng na aro. Har yau akwai tsofaffi biyu da suke faɗa in sun sha."

Wata tsohuwa ta fito tana neman kekenta, na matsa mata.

"Mamata ta sani?"

"Uwarki ta sani har ta mutu. Ita ma ta riƙe." Ya ja numfashi. "Yaro mai sunan uwa, tambaya ɗaya ake masa: ina ubanka. Na san nauyin tambayar nan. Ba zan ɗora wa jikana da hannuna ba."

"Wannan yana da uba. Ga shi can a tsaye yana gumi."

"Za ki riƙa bin sa makaranta kullum kina nuna uban?"

"Doka ta canza, Baba."

"Takarda ce ta canza. Bakin mutane yana nan inda na bar shi."

"Ba sunan ne ya cuce ka ba. Ɓoye ta da aka yi ne."

"Karatun Jamus ke nan?"

"A'a. Na tudun bayan gida ne."

Na ɗauka zai yi faɗa. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "In kika canza, ki cire sunana daga shaidu. Ba zan shaida wannan ba."

"Baba."

"Ina da aiki."

Ya kashe.

Ban yi kuka ba, masu jiran wannan su yi haƙuri. Na tsaya ina tuna sau nawa na wuce kabarin nan na ƙasa da inji a baya, in ɗan sunkuyar da kai in wuce, kamar yadda ake gaida maƙwabciya. Na san da yawa cikinku za ku ce in bi uba, tsoho ne, ciwonsa na gaske ne. Na auna. Ciwonsa na gaske ne. Amma matar nan ta haifi ɗa, ɗan ya ɗauki sunanta, sai da aka share ta daga takarda kafin sunan ya halatta. Ni an ba ni akwati a fili, a gaban ma'aikaciya, da uban yaron a gefena. In na ƙi cikawa don tsoron tsofaffi biyu masu shan giya, to na yarda abin kunya ta yi.

Na koma ciki. Sha ɗaya da rabi. Jinuk na inda na bar shi, ya cire kwat, rigar da ya goge ta jiƙe a baya.

"Ya gaya maka zancen Gwaggo?"

"Ya gaya mini."

"Kafin ni."

"Eh."

"To ji. Ba zan tilasta ka ba. Ko mu gyara layin, ko mu koma gida da takardar. A miƙa ta haka, babu wannan."

"In muka koma gida fa?"

"Sai ka ci gaba da zama da budurwa mai ciki har ka yanke shawara."

"Haeju, na yi masa alkawari."

"Ni ma ka yi mini."

"Na sani."

"Wanne ka yi da bakinka, wanne aka zuba maka a kofi?"

Ya dube ni. Karo na farko ke nan tun safe da ya dube ni sosai. Ya shafa fuska da hannu biyu, ya ɗauki takardar, ya nufi kantar ma'aikaciyar bai jira lamba ba.

"Malama, yaya ake gyara kuskure?"

"Layi biyu a kai, hatiminku ku biyu a gefe." Ta dubi inda yake nunawa, ta ɗaga gira. "Eh za ku sa? To akwai takardar yarjejeniya daban. Bari in nemo, na daɗe ban ciro ta ba." Ta buɗe aljihun tebur na ƙasa, ta rufe, ta buɗe wani. "Kun san duk 'ya'yan da za ku haifa ne, ba na farko kaɗai ba?"

"Mun sani," in ji shi. Wannan karon a hankali ya faɗa.

Ya ɗora katin shaidarsa a kan layin ya ja layi biyu miƙaƙƙu da gefensa. Ya sa alama a akwatin eh. Ya ciro hatiminsa ya danna a jan tawada ya buga, na buga nawa kusa da nasa. Muka sa hannu a takardar yarjejeniya.

Sai na karɓi biron da katin. Na gangara wurin shaidu. Rubutun Baba ne, manyan haruffa masu karkata, irin na kan buhunan tafarnuwa. Hatiminsa na katako ya ɗan fashe a gefe, kowane bugu da tsagarsa. Na ɗora katin a kan sunan na ja layi ɗaya. Na ja na biyun.

"Wannan ai ba kuskure ba ne," in ji ma'aikaciyar.

"Ya janye."

Ba ta tambaya ba. "To sai kun samo wani. Duk baligi mai katin shaida ya isa."

"Ba ku gama ba har yanzu? Saura kwata fa!"

Surukata ce. Kwat ruwan hoda, gashi sabon nannaɗi daga shago, furanni a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ta riga ta buɗe kyamara. Ta gaida tsofaffin da ke zaune ɗaya bayan ɗaya tana tahowa. Ta iso gaban kantar ta ga takardar, ja a nan ja a can kamar jarrabawar yaron da ya faɗi.

"Me ya faru? Kun ɓata ta? Na ce ku bari in biyo ku tun safe." Ta miƙa hannu ta jawo ɗaya daga tabarau masu zare.

Na buɗe baki. Jinuk ya riga ni.

"Mama, kafin ki karanta. 'Ya'yanmu sunan gidan su Haeju za su ɗauka. Ni na kawo maganar, tun bara. Ya kamata in gaya miki tuntuni, na ji tsoro."

Ta sa tabarau ɗin duk da haka. Ta karanta layin, ta bi shi da yatsa, ta sake karantawa. Ta cire tabarau ta ajiye a hankali, ta juyo wurina.

"Yarinya, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba, Mama."

"Na taɓa sa ki wanke-wanken biki ke kaɗai? Na taɓa shigo miki gida ban buga waya ba?"

"Da ni za ki yi, Mama," in ji Jinuk. "Ba da ita ba."

"Kai rufe mini baki, kai da ko takalmi ba ka iya zaɓa ba." Muryarta ba ta tashi ba, amma ɗakin ya yi tsit, har na'urar kiran lamba ake ji tana numfashi. "Sati biyu ya rage bikin Chuseok. In na shirya teburin tunawa da marigayi ubanka na tsaya gabansa, in ce masa wa ke cikin nan? Baƙo?"

"Jikansa ne."

"Da wane suna?"

"Yaya yana da maza biyu, Mama. Sunanmu ba zai ɓata ba."

"Yatsu goma gare ni. Wanne zan ba ka ka yanke, tunda akwai tara?"

Bai sunkuyar da kai ba. Ni da na san shi, na san abin da tsayuwar nan ta ci masa.

Ta ga layukan da ke kan sunan Baba. Ta daɗe tana kallonsu.

"Shi ma bai yarda ba."

"Bai yarda ba," na ce.

"To aƙalla akwai mai hankali a gidanku." Ta juya wurin ma'aikaciyar, har da ɗan rusunawa. "Malama, yi haƙuri da mu. Yaya ake janyewa?"

Ma'aikaciyar ta dube mu, ta dubi surukata. "Layi biyu."

Ba ta nemi kati ba. Da hannu ta ja su a kan sunanta, guda biyu. Ta rufe biron ta mayar kwalba. Ta ajiye furannin a kan kantar, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Teburin na nan da sunana," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ku je ku ci. Mai ciki ba ta zama da yunwa."

Ta fita. Ƙofar gilashi ta rufe kanta a bayanta.

Ma'aikaciyar ta zaro sabuwar takarda ta tura mana. "Wancan ta gaji. Ku kwafa a nan. Ni ba ni da sha biyu, har shida ina nan. Amma ba zan karɓa babu shaidu ba."

Muka kwafa a tsaye, shi rabinsa ni rabina. Na ce, "Kira wani a wurin aikinka."

"Duk suna rigakafi a ƙauyuka."

"To ƙanwata, ta hau mota gobe."

"In muka fita ƙofar nan da takardar," ya ce, "yau da yamma Mama za ta zo da yayana, gobe Baba zai kira ni rumfa. Na san kaina, Haeju."

Ya ajiye biron ya juya ya fuskanci kujerun. Mutum goma sha ɗaya ne, na ƙirga. Fiye da rabinsu ya taɓa shiga garkensu da asuba. Ya haɗa ƙafafu ya rusuna har ƙugu.

"Iyayena, ku gafarce ni. Sunana Tak Jinuk. Muna neman shaidu biyu na aure. Ina gaya muku kafin ku sa hannu: 'ya'yanmu sunan uwarsu za su ɗauka."

Babu wanda ya motsa. Wani tsoho mai hular ƙungiyar manoma ya karkata kai.

"Ba likitan shanu ba ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Likita, matar ce ta sa ka?"

"A'a, Baba. Ni na ce."

"Kash. Da ma ka ce ita ta sa ka, da mun tausaya maka."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Wani ya ce zamani ya zo ƙarshe. Wata ta tambayi ta kusa da ita 'yar gidan wa ce, aka raɗa mata, na ji sunan ƙauyenmu ya wuce daga kujera zuwa kujera. Kafin yamma zai isa rumfar Baba. Jinuk yana nan a rusune, jini ya taru masa a kunnuwa.

Sai na ji ƙarar taya. Daga kujerar ƙarshe wata tsohuwa ta taso, bayanta a lanƙwashe, tana tura tsohon keken jarirai da take dogarawa, babu komai a ciki sai lema da ƙullin barkono. Ta ɗauki lokacinta. Mai hular ya ce, "Ke kuma ina za ki?" Ta ce, "Inda ba a kira ka ba."

Ta iso gaban ma'aikaciyar, kanta da ƙyar ya wuce saman kantar. Ta dubi cikina, ta dubi fuskata.

"Wata nawa?"

"Uku, Kaka."

"Ba kya cin abinci. Ana gani." Ta ɗaga rigarta ta laluba aljihun cikin wando, ta ciro kati da ɗan hatimi a ƙulle cikin hankici. "Rubutuna ba kyau. Ke rubuta, ni in buga. Ina wurin?"

Na nuna mata. Na rubuta abin da ke kan katin, ta hura hatimin, ta danna a tawada, ta ɗora nauyinta duka a kai.

Ma'aikaciyar ta jawo takardar ta duba, ta mayar mana da ita ta kan furannin.

"Saura ɗaya."

Mutum goma suka rage a kujerun, kowa ya sami abin kallo a cikin takardarsa. Jinuk bai ɗago ba.